Ƙwaron gindin randa a ɗakin amarya

Rigimar ta soma ne cikin watan Afrilu, da azumi a baki, a gidan gwaggona da ke Bukoki a birnin Yamai. Gidan ginin ƙasa ne da aka yi wa yaɓen siminti, irin wanda ya cika tsofaffin unguwanni. Gwaggo tana ɗakunan gabas, ƴan haya uku suna jere ta yamma, famfo guda ne a tsakar gida kusa da gindin dogon yaro, mitar ruwa ma guda ce a bakin zaure, in takardar kuɗi ta zo a raba. Ɗakin ƙarshe na jeren, wanda ya haɗa bango da zaure, wani tela mai ɗinki a kasuwar Wadata ne ya kama shi, shi da amaryarsa da ba ta fi wata huɗu da tarewa ba.

Ita ce ta fara ganinsu. Ta ɗaga tabarma da safe za ta yi shara, sai ga wasu ƴan halittu masu launin toka, kowanne bai wuce ƙwayar wake ba, sun watse da gudu suna neman tsaga. Ta share ta zubar. Washegari ta tarar da wasu a wurin, har da ƙarƙashin akwatin lefenta da bayan kwanukan jere. Ba su ciji kowa ba, ba su taɓa tufafi ko hatsi ba, amma wace amarya ce za ta so a ce ɗakinta yana fitar da ƙwari? Ta yi kwana uku tana ɓoye zancen. Ran na huɗu jikar Gwaggo ta shiga ɗakin, ta fito da ɗaya a tafin hannu tana nuna wa kowa.

Gwaggo Ba'adara ce, ƴar Tawa, abin da ke cikinta shi ke bakinta. Ta leƙa ɗakin ta ce, "Ƴar nan, shekara talatin ina cikin gidan ga, ƙwaron nan ban san shi ko'ina ba sai gindin randa. Yau ga shi bisa tabarma. Ko cikin itacen da aka kawo miki daga ƙauye ya zo, ko kuwa wanke-wanke kike a ɗaki kina barin ruwa kwance."

Amarya ta ce, "Wallahi Inna, ko alwala a waje nake yi."

Ba wanda ya saurare ta. Matan sauran ɗakunan suka ɗauki maganar, aka shiga habaici a bakin famfo. Mijin da ya ga abin zai taɓa mutuncin matarsa sai ya sayo fiya-fiya a ƴar kwalba, ya yayyafa a lunguna, ya rufe ƙofa da taga. Maganin nan diklorbos ne, guba ce mai taɓa jijiyoyi, tana tashi cikin iska mutum ya shaƙa, zafi kuma yana ƙara mata tashi. Amarya ta shiga ɗauko abin sallah da la'asar, ta fito da ciwon kai da amai, ga ta da ƙaramin ciki. An share matattun ƙwari cike da murfin kwano. Kwana huɗu suka dawo kamar ba a yi ba.

A ranar da suka dawo ne na je buɗa baki gidan. Ina koyar da kimiyyar halittu a wata kwaleji a hayin kogi, saboda haka Gwaggo, da ta goya ni a bayanta, ba ta kirana da komai sai Mushe, wato monsieur na Faransanci da ake kiran malamin boko da shi, rabi girmamawa rabi tsokana. Bayan mun sha ruwa ta ce, "To Mushe, ga ranar bokonka ta zo. Gaya wa yarinyar nan abin da ƙazanta ke jawowa."

Na sa aka kamo mini guda a murfin kwalba, na kifa shi, na haska da fitilar waya, na ce wa jikar Gwaggo ta ƙirga ƙafafu. Ta ƙirga sau biyu: 14, bakwai kowane gefe. Kyankyaso da tururuwa da gara da fara duk ƙafa 6 gare su, gizo-gizo da kunama 8. Wannan abin da muke kira ƙwaron gindin randa, wanda littattafan Faransanci ke ce wa cloporte, a lissafin masana ba ya cikin ƙwari ko kaɗan. Ɗan'uwan ƙaguwa ne da jatan lande. Kakanninsa a teku suke, suka hau tudu tun zamani mai nisa, yau akwai nau'insa sama da 3,500 a duniya. Wanda ke hannuna yana da wani fari-fari a baya kamar an barbaɗa masa toka, ƴan ƙahoninsa na lalube suna da zoben fari, yana da gudu, kuma ba ya dunƙulewa in an taɓa shi. Kamannin sun dace da nau'in da ake kira Porcellionides pruinosus, wanda ya bi mutane da takinsu da tukwanen shukarsu har ya game kusan duk duniya.

Duk abin da ya faru a gidan nan yana rataye ne da wannan asali nasa na ruwa. Ya hau tudu, amma bai gama rabuwa da teku ba. Kyankyaso da buzuzu suna da wani siririn shafi mai kama da kaki a bayan fatarsu wanda ke tsare ruwan jiki. Shi nasa shafin bai taka kara ya karya ba, ruwa yana fita ta fatarsa kamar yadda yake tsattsafowa ta jikin sabon tulu. Abin numfashinsa wasu ƴan faifai ne a ƙarƙashin ciki ta wajen wutsiya, dangin jajayen ganyayyakin nan da ke cikin kumatun kifi, kuma sai suna jiƙe suke ɗaukar iska. A nau'in da muka kama akwai fararen tabo biyu-biyu a wurin, na nuna wa yarinyar. Wani ɗan huhu ne da ya samu don zaman tudu, yana taimakawa, amma bai ƴantar da shi daga neman laima ba. Macen ba ta zuba ƙwai a ƙasa. Tana ɗauke da su a wata jaka mai ruwa a ƙirjinta har su ƙyanƙyashe, wato ta yi musu ɗan tafki a jikinta, su fito farare da ƙafa 12, sai daga baya ƙafafun ƙarshe su tsiro. Ba ya fitsari irin na dabbobi, iskar ammoniya yake fitarwa ta jiki, shi ya sa inda suka taru da yawa ake jin ɗan zarni. In ya sami wuri mai jiƙa yana iya dangwala wutsiya ya zuƙo ruwa ta baya. Jininsa ma irin na ƙaguwa ne, jan ƙarfe ke ɗaukar iska a cikinsa.

Amarya, da take tsaye daga bakin ƙofa ba ta ce uffan ba, sai ta tambaya a hankali ko maganin ne ya sa wasunsu suka zama rabi fari rabi toka. Ashe ta fi kowa lura. Ba magani ba ne, saɓa ce. Shi ba ya tuɓe rigarsa gaba ɗaya kamar maciji. Yana fara cire rabin baya, bayan ƴan kwanaki ya cire na gaba. Wannan tambaya tata ta ba ni abin da nake nema. In ana ganin masu saɓa, ana kuma ganin ƙanana farare, to ba baƙi ba ne da suka ɓata hanya. Zaune suke, suna girma, suna haihuwa.

A nan kaina ya ɗaure. Yamai tana samun ruwan sama wajen milimita 550 a shekara, kusan dukkansa daga Yuni zuwa Satumba. A Afrilu an yi wata shida ba ɗigo, zafi yana haura digiri 40 kusan kullum, danshin iska da rana yana sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Wanki kan bushe kafin a gama shanya na biyu. Ƙwaron nan in aka ajiye shi a fili kan siminti a irin wannan rana ba zai ga magariba ba. Abin da Gwaggo ta faɗa gaskiya ne, a gindin randa kaɗai ta san shi, domin randa tana tsattsafo dare da rana, yashin ƙarƙashinta ba ya bushewa. To ɗakin da ake cewa ko alwala ba a yi a ciki, ina suke samun randarsu? Ko da amaryar tana wanke-wanke a ɗaki, ruwan da aka zubar kan daɓe a Afrilu ba ya kai awa guda. Ba zai riƙe zuriya ba. Dole akwai ruwan da ba ya yankewa.

Na faɗi haka, Gwaggo ta taɓe baki. Sai na ce a ba ni tire. Na zuba busasshen yashi, na jiƙa rabi na bar rabi, na zuba ƴan ƙwarin a tsakiya, na kifa babbar roba a kai don duhu ya zama ɗaya. Muka tafi tarawihi. Da muka dawo muka buɗe, kusan dukkansu suna ɓangaren jiƙa, sun cure wuri guda kamar tumaki a inuwa. Wannan gwaji tsoho ne, yana cikin littattafan kimiyya na ajin farko na kwaleji da ake bugawa a Faransa, kuma na sha koyar da shi a allo da alli, ɗalibai suna kwafar zanen wata halitta da suke zaton ta Turai ce, alhali tana ƙarƙashin randar uwarsu. Na ji kunyar kaina a daren nan, in faɗi gaskiya.

Abin da ke ba da mamaki shi ne yadda suke isa wurin. Ba hango ruwa suke daga nesa su nufe shi ba. Wani masani a Ingila, D. L. Gunn, ya nuna tun 1937 cewa a busasshiyar iska ƙwaron nan ba ya tsayawa, tafiya kawai yake. In ya faɗa cikin iska mai danshi sai ya rage sauri, yawanci ma ya tsaya cak. Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Katako da tsakar rana ya san wannan. Ba mai shela cewa a taru a rumfa, amma na cikin rana yana ɗaga ƙafa, wanda ya shiga inuwa yana jan ciniki, kafin ka ankara rumfa ta cika. Ga ƙin haske, ga son jin bayansu da cikinsu sun matsu a tsaga, ga curewa da ke rage musu asarar ruwa. Saboda haka tarinsu ma'auni ne. Inda suka fi yawa, nan laima ta fi.

Da wannan na yi aiki. Na yanka tsohon buhun gwado gida shida, na jiƙa kowane yanki na matse, na jera su a gindin bangon ɗakin, taku biyu tsakani, tun daga bakin ƙofa har lungun ƙarshe. Na ce kada a share, kada a yayyafa komai, ma'auratan dama a tsakar gida suke kwana saboda zafi. Da asuba muka bi muna ɗagawa. Na bakin ƙofa babu ko ɗaya. Na biyu da na uku, ɗaiɗai. Na lungun da ya haɗa bango da zaure kuwa baƙi ƙirin yake da su, manya da ƙanana. Muka janye akwatin lefe. Gindin bangon ya yi wani farin gari-gari kamar kanwa, fenti ya kumbura, na dafa da tafin hannu na ji sanyi. Na ƙwanƙwasa da mabuɗi, sama yana amsawa da ƙarfi, ƙasa yana amsawa kamar ganga. A tsagar da ke tsakanin daɓe da bango akwai ruɓaɓɓen karan tsohuwar tabarma da ƙasa mai laushi. Ga abinci ga ruwa.

Na tambayi Gwaggo ta ina bututun famfo ya bi. Ta ce ita ina ta sani, marigayi ne ya sa aka ja. Tela ne ya tuna cewa kuɗin ruwa ya hau tun wajen hunturu, har an yi cacar baki a kan rabon, aka ɗora wa matar ɗakin tsakiya mai yara da yawa laifin yawan wanki. Ka ga mace ta biyu ke nan da aka zarga a kan abu guda.

Gwajin mita ba wuya gare shi: a rufe famfo, a duba ko ƴar allurar tana juyawa. Sai dai da bazara ruwa kan yi rauni a unguwar da rana, wani lokaci ya ɗauke, ya dawo da ƙarfi cikin dare. Na duba da azahar, allura tsaye, Gwaggo ta yi mini dariya har da tafi. Na kwana a gidan. Lokacin sahur, da ruwa ya dawo, bayan mata sun cika bidoji an ɗaure famfo tam, na kira ta bakin zaure na haska mata. Allurar tana tafiya a hankali, kamar hawainiya, amma ba ta tsaya ba. Gwaggo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Innalillahi. To wa ke shan ruwan nan?"

Lissafin ba shi da daɗin ji. Yoyon da ke zubar da lita guda a minti 10, in ya kwana ya wuni yana yi, lita 144 ke nan, kusan bido 6 na lita 25. Ko a ce rabin yini kawai ruwan ke zuwa, a wata an haura lita 2,000. Ruwan kogin Isa ne, wato kogin Neja, da aka tace a Gudel ko Yantala, aka turo cikin gari, ƴan haya suna biya, yana tafiya ƙarƙashin bango yana shayar da ƙwari.

Mai gyaran famfo ya zo da hantsi, ya haƙa daga cikin zaure. Bai kai zurfin gwiwa ba ƙasa ta koma taɓo. Bututun roba ne, ya ratsa ƙarƙashin kusurwar ɗakin amarya, kuma a daidai inda aka haɗa gwiwar da ta karkata zuwa tsakar gida, haɗin ya saki. Saiwoyi sirara sun naɗe wurin kamar gashi. Mai gyaran ya ce, "Hajiya, dogon yaron nan ne ya fasa miki, a sare shi." Ban yarda ba, na kuma faɗa masa. Saiwa ba ta san akwai ruwa a cikin lafiyayyen bututu ba. Inda ƙasa ta jiƙa take yaɗuwa, kamar ƙwarin. Na fi zaton gam ɗin haɗin ne ya gaji da tsufa da bugun ruwan da ke ɗaukewa yana dawowa, saiwa ta biyo baya ta ƙara buɗa. Gwaggo ba don hujjata ta bar itacen ba, don inuwarsa ce. Aka yanke wurin, aka ja sabon bututu ta fili nesa da bango.

Bangon shi ne babbar magana, kuma shi ya sa na ga lamarin ya isa a rubuta. Ginin ƙasa yana shan ruwa daga gindi ya hau da shi sama, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. In yaɓen ƙasa ne, rana da iska suna busar da shi. In an rufe shi da siminti ciki da waje, laimar ba ta da mafita, sai ta zauna tana narkar da tubali a ɓoye, fuskar bango kuwa sumul. Da magini ya fasa yaɓen, tubalan layi uku na ƙasa sun zama kamar tuwon da ya kwana, yana cusa yatsa yana shiga. A kan wannan kusurwa azarar ɗakin ta hau. In ana zancen rushewar gidaje a Yamai hankali yana tafiya bakin kogi, ga Satumbar 2020 da tsayin ruwan kogin ya kai santimita 700 ya ɓalle madatsar unguwar Lamorde. Amma kowace damina ana samun ɗakunan ƙasa da ke faɗuwa a unguwannin tudu da kogi bai taɓa zuwa ba, ruwan sama guda mai ƙarfi ya ishi bangon da gindinsa ya riga ya ruɓe. Magini ya tokare azara da itace, ya cire ruɓaɓɓen, ya bar ramin a buɗe mako biyu zafin Mayu ya yi aikinsa, sannan ya cike da dutse da bulo. Ya so ya mayar da siminti har ƙasa ta waje, muka yi ta ja, a ƙarshe ya bar tsawon kamu biyu da yaɓen ƙasa.

Saura tambayar da Gwaggo ta fara da ita: wa ya kawo su? Mai yiwuwa ne su zo cikin itace, ba ƙarya ta yi ba, ko da yake busasshen itacen da ya sha rana a bayan mota ba masauki ba ne mai kyau. Amma gidan yana da su tun kafin amarya, a gindin randa da bakin makwarara. Kuma a farkon hunturu Gwaggo da kanta ta sa an kawo mata buhu biyu na ruɓaɓɓen taki daga lambunan Gamkale don zogalenta da lemun tsami, irin takin da wannan nau'i ya fi so a duniya. Da dare, in iska ta yi sanyi, suna fita yawo, su bazu ko'ina cikin gida. Waɗanda suka shiga sauran ɗakuna sun bushe ba wanda ya sani. Waɗanda suka faɗa lungun amarya sun tarar da ruwa suka zauna. Ban faɗi zancen takin a gaban ƴan haya ba. Na bari sai da muka keɓe, ta ce in rufe mata baki.

A ganina kuskuren da ya fi tsada a gidan shi ne fiya-fiya. Ƙwaron nan ba ya cizo, ba ya harbi, ba a san shi da yaɗa wa mutane cuta ba, ba ya cin lafiyayyen katako kamar gara. Ruɓaɓɓen ganye da kara yake ci ya mayar da su ƙasa, a lambu ma'aikaci ne, illa in ya yi yawa ainun ya ɗan gatsi sabon tsiro. An sa mace mai ciki ta shaƙi guba don a kashe abin da ba ya cutarwa. Da maganin ya yi aiki yadda aka so, ya ƙarar da su, da ba wanda zai ja akwatin lefe ya dubi bangon kafin damina.

Akwai danginsa da suka fi shi jure fari, amma su ma dabara suke yi, ba ruwan suka daina buƙata ba. Wasu nau'o'in suna dunƙulewa kamar ƙwallo, abin numfashin ya shige ciki, asarar ruwa ta ragu. Wanda ya fi burge ni shi ne Hemilepistus reaumuri na hamadar Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, wanda wani Bajamushe, Karl Eduard Linsenmair, ya shafe shekaru yana nazari. Namiji da mace suna haɗuwa su biyu rak, su haƙa rami mai zurfin santimita 40 zuwa 50 inda ƙasa ke da sanyi da danshi, ɗaya ya fita neman abinci ɗaya ya tsare ƙofa, suna gane ƴaƴansu ta wari, baƙo ba ya shiga. Da na ba Gwaggo labarin ta ce ai wannan Ba'adare ne, domin a Tawa, inda ruwan shekara ba ya cika kai milimita 400, kowa ya san darajar rijiya da tsaron bakinta.

Bayan gyara ba a sa magani ko ɗigo ba. Mako na farko ana ganinsu jefi-jefi. A na biyu amarya ta riƙa sharo busassu a tsakiyar ɗaki, sun fito neman laima ba su samu ba. Kafin ƙarshen Mayu ɗakin ya koma yadda yake. Kuɗin ruwa ya sauka, sai wata sabuwar gardama ta tashi, ƴan haya suna cewa a mayar musu da rarar da suka biya tun hunturu tunda bututun na mai gida ne. Gwaggo ta yafe wa kowane ɗaki kuɗin ruwan wata biyu, tana yi tana mita. Haƙuri da baki kuwa ba ta ba kowa ba. Abin da aka gani shi ne ranar jajibirin salla ta aika jikarta ɗakin amarya da kwanon dambun zogale da turmin atamfa, kuma daga ranar ta daina ce mata "ƴar nan", ta koma "ɗiyata".

Damina ta sauka cikin Yuni, kusurwar ta tsaya. A tsakiyar Agusta tela ya kira ni a waya hankali tashe, wai matarsa ta ga guda biyu ƙarƙashin tabarma. Na je da dare, muka ɗaure famfo, muka tsaya kan mita minti goma sha biyar, allura ko motsi. Bangon a bushe. A Agusta danshin iskar Yamai yana haura kashi 70 cikin 100, ƙasa jiƙe take ko'ina, ƙwaron yana iya ratsa tsakar gida ya shiga duk ɗakin da ya ga dama, ganinsa a lokacin ba ya nuna komai. Na ce su bari sai iskar hunturu ta kaɗa, in an gan shi a ɗaki bayan nan a sake kirana. Amarya, da cikinta ya tsufa har sunkuyo yana mata wuya, ta sa jikar Gwaggo ta kwashe su a murfin kwano, yarinyar ta kai su gindin randa ta juye.